Ina neman shawara kafin in sayi injin sassaƙa na CNC don ƙaramin shagona

Kafintan Tudun Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sana'ar hannu. Ina da ƙaramin shagon kafinta a Tudun Wada, a nan Kaduna, inda nake yin gadaje da ƙofofi da sauran kayan ɗakin amare, tare da wasu yara da ke koyon aiki a hannuna. A 'yan shekarun nan buƙatar masu kawo aiki ta canza. Uwar amarya takan zo da hoto a cikin waya, ta nuna kan gado mai zane mai zurfi, ko ƙyauren kabad mai huda-huda iri ɗaya daga sama har ƙasa, ta ce irinsa take so ba tare da bambanci ba. Duk wanda ya san katako ya san cewa wannan aikin injin CNC ne, wato injin da kwamfuta ke jagoranta yana yanka da sassaƙa. A halin yanzu nakan ɗauki katako in kai wa masu injin, in biya, in bi layi, kuma a lokacin bukukuwa, musamman bayan sallah da ƙarshen shekara, jiran yakan sa in kasa cika alƙawarin da na yi wa mutane.

Na tara wani abu, kuma ina tunanin sayen nawa injin, amma abubuwa uku sun tsaya mini a rai. Na farko shi ne girma: na ga ƙanana da ake ɗorawa a kan tebur, na kuma ga manya da ke cika ɗaki, ban san inda ya kamata mai jari irin nawa ya tsaya ba. Na biyu shi ne wuta, domin wuta mai layi ɗaya irin ta gidaje ce ke shiga shagona, kuma janaretana ƙarami ne. Na uku, wanda ya fi damuna, shi ne koyo, saboda ilimina na kwamfuta bai wuce abin da nake yi da waya ba. Ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga wannan harka su faɗa mini gaskiya, ko da gaskiyar ita ce in haƙura tukuna.

Injiniyan Kakuri ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a cikin sana'a. Aikina shi ne haɗa irin waɗannan injuna da gyaransu, saboda haka zan tsaya a kan girma da wuta, in bar maganar zane ga waɗanda suka fi ni saninta.

Lambobin da kake gani a jikin sunayen injunan, su ne girman filin da suke iya yin aiki a kai. Wanda ake kira 3018 yana aiki ne a kan santimita 30 da 18, wanda ake kira 6090 santimita 60 da 90, shi kuwa 1325 milimita 1300 da 2500. Dalilin da ya sa 1325 ya zama na masu kayan ɗaki shi ne, cikakken fallen filawud ko MDF (allon garin katako da aka matse da gam) da kake saya a kasuwa ƙafa 4 ne da ƙafa 8, wato milimita 1220 da 2440, kuma wannan injin yana ɗaukarsa gaba ɗaya ba sai an raba ba. Ƙofar ɗaki tana kai mita biyu a tsawo, kan gado mai ƙafa shida kuma ya wuce faɗin 6090 nesa ba kusa ba. Saboda haka, ga aikin da ka lissafa, ƙaramin inji ba zai raba ka da bin layi a wurin wasu ba. Amma ka auna shagonka da kyau, domin injin yana buƙatar fili a kowane gefe don ɗora falle da sauke shi, kuma nauyinsa yakan kai tan guda ko fiye, sai an yi masa daɓen siminti mai ƙarfi wanda ba ya karkata.

Yanzu ga wuta, wadda a ganina ita ce za ta yanke maka hukunci kafin kuɗin injin. Motar da ke juya haƙorin yanka, wadda ake kira sifindil, a irin wannan inji takan kasance mai ƙarfin kilowat 3, ko 4.5, ko fiye, tana juyi har sau 18,000 zuwa 24,000 a minti ɗaya. Ka ƙara da motocin da ke tafiyar da kan injin gaba da baya da sama da ƙasa, ka ƙara da injin zuƙe ƙura wanda shi ma yakan ci kilowat 1.5 zuwa 2.2. Idan ka zaɓi sifindil mai kilowat 3, jimillar za ta kai wajen kilowat 6 zuwa 7. Janareta mai kVA 10 abin da yake bayarwa a zahiri kilowat 8 ne, kuma kowace mota tana jan wuta ninkin-ba-ninkin a lokacin da take tashi, don haka wannan shi ne mafi ƙarancin abin da zan yarda a haɗa da shi. Idan kuma mai sayarwa ya kwaɗaita maka tebur mai riƙe katako da zuƙar iska, ka sani famfon da ke yin wannan zuƙa shi kaɗai yakan ci kilowat 5.5 zuwa 7.5, kuma yawanci wuta mai layi uku yake buƙata. Ga mai farawa, tebur mai ramukan ɗaure katako da maɗauri ya wadatar.

Tun wajen yin oda ka bayyana cewa kana son injin da ke aiki da volt 220 a layi ɗaya, domin da yawa daga cikinsu ana haɗa su ne don volt 380 mai layi uku. Wutar Najeriya da ta Sin duk hertz 50 ce, wannan ya sauƙaƙa lamarin, saɓanin injunan da aka yi don kasuwar Amurka masu volt 120 da hertz 60. Kada ka haɗa injin ba tare da sitabilaiza mai ƙarfi ba, kuma lallai a kafa masa sandar tagulla a ƙasa a haɗa da jikinsa. Rashin wannan wayar ta ƙasa yakan sa inbatar da ke sarrafa sifindil ta dagula saƙonnin da ke zuwa ga motoci, sai ka ga injin ya kauce daga layi a tsakiyar aiki, a yi ta zargin manhaja alhali laifin waya ne.

Abu na ƙarshe a nan shi ne na'urar sarrafawa. Akwai masu aiki da manhajar Mach3 ko NC Studio, waɗanda sai kwamfuta tana kunne a haɗe da injin, akwai kuma masu na'urar hannu irin ta RichAuto, wadda ake sa mata aikin a filashi. A garin da wuta ke iya ɗaukewa ana tsakiyar sassaƙa ta awa huɗu, na fi son ta hannu, saboda tana iya ci gaba daga inda aka tsaya bayan an mayar da injin mafarinsa, kuma ba a bar kwamfuta cikin ƙurar shago ba.

Mai Zane daga Barnawa ta rubuta:

Malam, ni zane nake shirya wa masu injuna da masu allunan talla, kuma ina so in ce maka damuwarka ta uku ita ce ta kamata ta zama ta farko. Injin ba ya ƙirƙirar komai. Kafin ya motsa, sai an zana abin da ake so a kwamfuta da ma'auni na gaskiya, sannan a gaya wa manhaja wane haƙori za a yi amfani da shi, zurfin da zai shiga, da hanyar da zai bi, a ciki ne ko a wajen layi ko a kansa. Daga nan manhajar ta fitar da jerin umarni da ake kira G-code, wanda shi ne injin ke karantawa. Duk wannan ana iya koyonsa ba tare da an mallaki inji ba, kuma manhajojin suna nuna maka hoton yadda katakon zai fito kafin a taɓa shi.

Shawarata ita ce ka fara da sayen kwamfutar tafi-da-gidanka mai matsakaicin ƙarfi. Don zanen layi, CorelDraw ita ce aka fi sani a wuraren buga takardu na garin nan, saboda haka ba za ka rasa mai koya maka ba, Inkscape kuma kyauta ce. Don fitar da hanyar haƙori, VCarve da Aspire na kamfanin Vectric na Ingila suna da sauƙin fahimta, kuma suna da na gwaji da ake saukewa kyauta don koyo. Za ka ji masu injuna da yawa suna ambaton ArtCAM. Tana aiki, amma kamfanin Autodesk ya daina fitar da ita tun 2018, wadda ta gaje ta ita ce Carveco. Idan ka iya zana ƙyauren kabad ɗaya da kanka, ka kai fayil ɗin wurin mai injin da kake kai wa aiki, ka tsaya ka ga yadda zai fito. Ta haka kana koyo da injin wani, kana kuma cika aikin masu oda.

Akwai wasu matsaloli biyu da suka shafe mu musamman. Idan za ka sassaƙa rubutun Hausa a allon suna ko na makaranta, ka tabbata salon haruffan da ka zaɓa yana da ɓ da ɗ da ƙ, domin da yawa ba su da su, sai manhaja ta sa akwati a gurbinsu ko ta ɗauko harafi daga wani salon da bai dace da sauran ba. Rubutun Larabci kuma, wanda ake yawan nema don ƙofofin masallaci da mumbari, wasu manhajojin sukan rarraba haruffansa ko su juya shi daga hagu zuwa dama. Maganin shi ne a rubuta shi a manhajar da ta san Larabci, a mayar da shi zanen layi, sannan a kai shi manhajar sassaƙa. Kuma idan aya ce ko addu'a, a kai wa malami ya duba ɗigo da wasali a takarda kafin a sa haƙori a katako, domin abin da aka sassaƙa ba ya gyaruwa.

Ina ƙara roƙonka da kada ka dogara ga zanukan da ake saukewa daga intanet kaɗai. Kowa yana da su, shi ya sa gadajen da ke kasuwa suka zama kusan iri ɗaya. Dagin Arewa da zayyanar da magina ke yi a fuskar tsofaffin gidajen Zariya da Kano layuka ne masu lanƙwasa da maimaici, irin waɗanda wannan injin ya fi ƙwarewa a kai, kuma haƙori mai tsini na digiri 60 ko 90 yana fitar da su da kyau ƙwarai.

Dattijon Panteka ya rubuta:

Ɗana, na karanta abin da Injiniya da Malama suka rubuta, kuma na yarda da mafi yawansa. Inda na ɗan saɓa da Injiniya shi ne batun ƙaramin inji. Gaskiya ne ba zai yi maka ƙofa ba, amma 6090 mai jikin ƙarfe yana yin allunan suna, kambun karramawa, ƙananan bangarorin ado da ake mannawa a jikin gado, da haruffan roba na shaguna, kuma janareta matsakaici yana ɗaukarsa. Mai jari kaɗan zai iya fara cin abinci da shi yayin da hannunsa ke faɗawa. Wanda ba zan ba ka shawarar saya ba shi ne 3018, domin na wasa ne da gwaji, ba ya jure katako mai tauri.

Sayen doki ba shi ne wahala ba, ciyar da shi ne. Ka ware kuɗin haƙora, da man dizal, da katakon da za ka lalata wajen koyo, da na watannin farko da injin ba zai mayar da komai ba. Idan duk abin da ka tara zai ƙare a ranar da injin ya iso, lokacin saye bai yi ba.

Sai maganar katako, wadda masu sayar da inji ba sa yi. MDF da filawud a miƙe suke, kaurinsu kusan ɗaya ne ko'ina, shi ya sa injin ke jin daɗinsu. Katakon da muke saya a kasuwa, ko maɗaci ne ko malaina, sau da yawa ɗanye ne, kuma ba a miƙe yake ba. Idan falanki ya bambanta da milimita biyu tsakanin wannan gefe da wancan, zanenka zai yi zurfi a nan ya ɓace a can. Dole a busar da shi, a goge fuskarsa ta daidaita, kafin a hau sassaƙa. Kuma ka san yanayin garin nan: abin da aka sassaƙa da ɗanyen katako a watan Agusta, idan hunturu ya shigo a Disamba sai ya tsage ko ya kanannaɗe, mai kaya kuma kai zai zo wa, ba injin ba.

Ina kuma ja maka kunne a kan yaran da iyayensu suka ba ka amana. Ƙurar da wannan inji ke tayarwa daga MDF laushi gare ta ƙwarai, tana ɗauke da gam ɗin da aka haɗa allon da shi, kuma hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wannan cuta. Injin zuƙe ƙura da takunkumin hanci na gaske da abin toshe kunne da tabarau ba ado ba ne. Kada yaro ya matso kusa da haƙori da babbar riga ko hannun riga mai lilo, kada kuma a kunna inji a tafi masallaci ko cin abinci a bar shi shi kaɗai, domin haƙorin da ya dushe yana iya haifar da garwashi a cikin garin katako. Idan lokacin salla ya yi, a dakatar da shi. Yana da maɓallin yin hakan.

Kafintan Tudun Wada ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Na fahimci cewa kwamfuta da koyon zane su ne matakin farko, kuma zan nemi mai gyaran wuta ya duba layin shagona kafin in yi maganar kuɗi da kowa. Injiniya, saura tambaya biyu. Shin ya fi kyau in yi oda kai tsaye daga Sin, ko in saya a hannun dillalai a Legas ko Kano? Sannan na lura a wurin da nake kai aiki wani lokaci gefen yankan yakan fito baƙi kamar an ƙona, wani lokaci kuma haƙori ya karye. Me ke kawo haka, kuma ta yaya mai koyo zai san saurin da ya dace?

Injiniyan Kakuri ya rubuta:

Malam, da farko na karɓi gyaran Baba a kan 6090. Idan ƙananan ayyuka suna zuwa maka da yawa, hanya ce mai kyau.

Yawancin injunan da ke shigowa ƙasar nan daga birnin Jinan na lardin Shandong ake ƙera su, ko ka saya da kanka ko ta hannun dillali. Yin oda kai tsaye yana da rahusa a takarda, amma kai za ka ɗauki nauyin buɗe Form M a banki, wato takardar neman izinin shigo da kaya, da kuɗin jirgi, da na kwastan, da na ɗauko shi daga tashar Apapa ko Tin Can zuwa Kaduna, ga kuma canjin dala da zai iya motsawa kafin kaya su iso. Akwai tashar sauke kaya ta tudu a nan Kakuri, wadda aka buɗe a watan Janairun 2018, sai ka tambayi wakilin fitar da kaya ko bi ta nan zai fi maka sauƙi. Ga wanda bai taɓa haɗa inji ba, na fi karkata ga dillalin da zai kawo, ya haɗa, ya koyar, da sharaɗin a rubuta hakan a takarda, kuma ya nuna maka wani shago da ya sayar wa inji ka je ka ji daga bakin mai shi. Ko ta wace hanya ka saya, ka haɗa da kayan canji tun farko: na'urar da ke sarrafa motar injin guda ɗaya (wadda ake kira direba), maɓallan iyaka masu tsayar da kan injin idan ya kai ƙarshen layinsa, bel, kolet masu riƙe haƙori, da ƙaramin famfon ruwa idan sifindil ɗinka mai sanyaya da ruwa ne. Mai ruwa ya fi shiru, amma idan famfon ya tsaya ba a lura ba, sifindil ɗin zai ƙone, don haka a duba gudun ruwan kafin kowane aiki. A lokacin hunturu kuma a riƙa share layukan da kan injin ke gudu a kai kullum, a sa musu mai, domin ƙura da maiko idan suka haɗu suna cinye ƙarfe.

Game da ƙonewa da karyewa, dalilinsu ɗaya ne ta fuska biyu. Haƙori yana sanyaya ne ta hanyar ɓarzar katakon da yake fitarwa, ita ke tafiya da zafin. Idan yana juyi da sauri amma yana tafiya a hankali, ba yanka yake yi ba, guga yake yi, sai ya fitar da gari mai laushi, ya yi zafi, ya ƙona gefen aikin, ya dushe da wuri. Masu koyo sukan rage saurin tafiya saboda tsoro, suna zaton kariya ce, alhali ita ce ke kashe haƙorin. Idan kuma tafiyar ta yi yawa ko zurfin ya wuce kima, sai ya karye.

Lissafin ba shi da wuya. Ka ninka saurin juyi da yawan bakin haƙorin, sannan ka ninka da kaurin ɓarzar da kake so kowane baki ya ɗebo. Misali, haƙori mai milimita 6 mai baki biyu, yana juyi 18,000 a minti, kana son ɓarza mai kaurin milimita 0.1: 18,000 sau 2 sau 0.1 ya ba ka milimita 3,600 a minti. Wannan wurin farawa ne mai sauƙi, masu ƙera haƙora kuma suna fitar da jadawalin da ya dace da kowane irin katako. Zurfin kowane zagaye kada ya wuce rabin kaurin haƙorin a katako mai tauri har sai ka san ƙarfin injinka, wato milimita 3 a wannan misali, ko da hakan na nufin zagaye shida kafin a huda allo mai milimita 18.

Ka kuma san cewa haƙora iri-iri ne. Mai jan ɓarza sama yana share rami da kyau amma yana tsattsage fuskar filawud ta sama, mai tura ta ƙasa yana barin fuskar sama sumul amma yana cusa gari a cikin ramin, akwai kuma wanda ya haɗa biyun don allo mai rufi a fuska biyu. Duk abin da za a yanke ya rabu da falle, a bar masa 'yan ƙananan gadoji da za su riƙe shi har a gama, in ba haka ba zai motsa a zagayen ƙarshe, haƙori ya cafke shi ya wurgar. Sabon fayil kuwa, ka fara gudanar da shi a sama da katako, haƙorin yana yawo a iska, hannunka na kusa da jan maɓallin tsayarwa, ka tabbata bai nufi wurin da maɗauri ko sukuru yake ba. Idan ka shirya zanenka na farko, ka turo ma'aunin allon da irin haƙorin da mai injin yake da shi, in duba maka lissafin kafin ka kai.